Nazarin Lamari: Koren Takin da Ya Ƙi Tsirowa Cikin Sanyin Hunturu a Wata Gonar Rani ta Kano

Gonar da tsarin nomanta

Gonar tana kudancin Kano, a yankin Kura da Kadawa, inda noman rani ya dogara da ruwan madatsar Tiga. Faɗinta hekta ɗaya, wato kusan eka biyu da rabi. Ƙasar laka ce mai ɗan rairayi, tana riƙe ruwa sosai, an kuma yanka ta fangali-fangali saboda shinkafa. Tana shan ruwa ta hanya biyu: na kanal, da na wata rijiyar burtsatse marar zurfi da ake ja da inji.

Mai gonar yana noma shinkafa sau biyu a shekara. Ta damina ana girbe ta daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ta rani kuwa ba ya dasa ta sai ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, don shinkafa ba ta son ɗari. Tsakanin girbi da dashe akwai wata uku da 'yan kai da gonar ke zaune haka nan. Maƙwabtansa kan cike wannan giɓi da alkama ko tumatir ko albasa, amma waɗannan sukan kai Maris ko Afrilu a gona, su ci lokacin dashensa.

Shekara da shekaru ana shinkafa bayan shinkafa, ana kwashe tattakar a sayar wa masu dabbobi, ƙasar ta gaji. Idan ta bushe takan daskare ta tsattsage, kuma buhu huɗu na yuriya ba sa ba da abin da suke bayarwa a da. Da kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi daga 2022, sai malamin gona na yankin ya ba shi shawarar koren taki: a shuka wani abu daga dangin wake a wannan giɓi, a bar shi ya yi ganye, a kife shi cikin ƙasa kafin dashe. Dangin wake suna da ƙulle-ƙulle a saiwa inda wasu ƙwayoyin halitta ke jawo naitirojin daga iska, ganyen kuma idan ya ruɓe yana sassauta ƙasa.

Giɓin nan dai ya faɗa tsakiyar hunturu. A Disamba da Janairu daren Kano yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13 a ma'aunin Salshiyos, wani daren ma ƙasa da 10, ko da yake da rana ana kaiwa digiri 28 zuwa 30.

Ranin farko: shukar 18 ga Disamba

An gama girbi a mako na biyu na Nuwamba. Bugu da shiƙa da kai shinkafa kasuwa suka cinye wata guda, ba a waiwayi gonar ba sai tsakiyar Disamba. Ran 18 ga wata aka watsa farin wake, kilo 15 a rabin hekta, aka bi da manjagara aka rufe shi. Sauran tattakar da ba a sayar ba aka baza ta a kai, da nufin ta riƙe danshi ta kuma kare irin daga sanyi. Washegari da asuba aka buɗe ruwan kanal, aka cika fangalan har ruwa ya kwanta.

Waken da aka shuka da damina yakan ɓullo cikin kwana uku zuwa biyar. A nan kwana biyar suka wuce babu ko ɗaya. A kwana na goma aka fara ganin tsilli-tsilli, kuma da aka cika mako biyu abin da ya fito bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Waɗanda suka fito ma ba su da kuzari: ganyen farko ƙanana, masu rawaya-rawaya, wasu a murɗe.

Zargi ya tafi kan mai sayar da iri, aka ce tsohon wake ya ba su.

Shuka ta biyu: 3 ga Janairu

Aka sayo wani farin waken daga wani hannu. Wannan karon, don a gaggauta tsiro, aka jiƙa shi cikin baho tun magariba, aka bar shi a tsakar gida ya kwana cikin ruwa. Da safe aka shuka a guraben da suka yi sanƙo, aka sake cika fangali da ruwan kanal. Abin da ya fito bai kai na farko ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu.

A nan ne malamin gona ya sa aka tona. Tonon iri da bai fito ba yana faɗin abubuwa da dama, muddin an san abin da ake dubawa. Ƙwayar da aka tarar da tauri, ba ta kumbura ba, ruwa ne bai shige ta ba, ko saboda ƙasa ta bushe ko saboda taurin ɓawo. Wadda aka tarar da huda ko an cinye rabinta, aikin ƙwari ne ko ɓera. Abin da aka samu a wannan gona daban ne: ƙwayoyin sun kumbura, sun yi laushi, suna wari, wasu farin gashin fumfuna ya lulluɓe su. Da aka ɓare waɗanda ba su gama ruɓewa ba, sai aka ga tsaga a kwance a jikin ɓarin biyu, ɗan tsiron saiwar kuma ya leƙo ya tsaya, bakinsa ya yi ruwan ƙasa.

Akwai ragowar irin farko a buhu. Aka ƙirga ƙwaya 100, aka jera su a jiƙaƙƙen ƙyalle, aka naɗe, aka sa a leda da ba a ɗaure bakinta ba, aka ajiye a ɗakin kwana inda akwai ɗumi. Cikin kwana biyar 88 suka tsira. Wani ɗari da aka naɗe haka aka bar shi a ƙasa a bakin gona dare da rana, 51 ne suka tsira a kwana goma. Iri ɗaya ne, daga buhu ɗaya. Ɗakunan gwajin iri suna da makamancin wannan, musamman ga masara: a ajiye iri kwana 7 a digiri 10 cikin danshi, a mayar da shi digiri 25, a ƙirga abin da ya rayu.

Awon zafin ƙasa: sauran Janairu

Aka sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke, ana soka shi zurfin santimita 5, daidai inda iri ke kwanciya, da ƙarfe bakwai na safe da kuma ƙarfe biyu na rana. An yi mako biyu ana rubutawa.

A cikin fangali, ƙarƙashin tattaka, bayan ban ruwa, safiya takan nuna digiri 13 zuwa 14, rana kuma 19 zuwa 21. A kan gaɓar fangali, inda ƙasa ta ɗaga kuma babu abin da ya rufe ta, safiya 15, rana 27 zuwa 28 a gefen da ke kallon kudu. Gefen arewa na wannan gaɓar yakan gaza na kudu da digiri uku ko huɗu da rana. Ranar da hazo ya yi kauri, duka alƙaluman rana sukan ragu.

Aka auna ruwan ma. Na kanal da ya kwana a lambatu digiri 15 zuwa 16 da asuba. Na rijiya, yana fitowa daga bakin tiyo, 27. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya bin sanyin dare. Yana zama kusa da matsakaicin zafin shekara na wurin, shi ya sa ake ganin yana tururi da sassafen hunturu.

Abin da ya rage na waken ya tsaya cak har ƙarshen Janairu, darɓa ta hau shi, ciyawa ta cike guraben. An kife shi ran 22 ga Fabrairu. Kafin a kife, aka yanke murabba'in mita ɗaya a wurare uku aka ɗora a sikeli: giram 300 ɗanye, galibinsa ciyawa. Kuɗin iri sau biyu da na ban ruwa sun tafi a banza.

Rani na biyu: gwajin layi-layi, 10 ga Disamba

Maimakon a sake watsa rabin hekta, aka ware fangali shida kawai. Aka zaɓi iri bakwai: farin wake mai kaushin ɓawo, jan wake mai santsin ɓawo, lablab (wani dangin wake mai yaɗo da ake nomawa don dabbobi), zamarke, fis (koren waken nan da ake sa wa a dafa-duka, wanda ake nomawa a lambunan Kano da Zariya da hunturu), hulba, da alkama. Kowanne aka ƙirga ƙwaya 100 aka shuka a layi mai alama, sau biyu, ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce ta bara: fangali a kwance, tattaka a kai, ruwan kanal da asuba.

Hanya ta biyu tana da matakai biyar. An yi kunya daga gabas zuwa yamma, tsayinta kamar taƙi ɗaya, aka shuka a kafaɗar kudu. A Disamba rana tana karkata kudu. A Kano da tsakar rana tana tsaye ne a kusurwar digiri 55 kawai daga ƙasa, don haka kafaɗar kudu ce ke shan ta kai tsaye. Ba a rufe da komai ba. An ba ƙasar ruwa kwana biyu kafin shuka, aka bar ta ta tsane, aka shuka cikin danshi da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, a zurfin santimita 3 ga manyan ƙwayoyi, santimita 1 zuwa 2 ga ƙanana. Irin wake da lablab da fis an shimfiɗa su tsakanin buhunan algarara biyu da aka jiƙa aka matse, suka kwana a ɗaki, don su sha laima sannu a hankali ba tare da sun nutse a ruwa ba. Da safe aka gauraya su da maganin iri na Apron Star, leda ɗaya ta giram 10 ga kilo 4 na iri. Ruwan farko bayan shuka kuma na rijiya ne, da azahar, a kwarin kunya, ba a bari ya hau kan irin ba.

Zamarke yana da taurin ɓawo, don haka a hanyoyin biyu an zuba masa ruwan zafi da aka sauke daga wuta ya ɗan huce, na 'yan mintuna, aka tsame aka shanya. In ba a yi haka ba, rashin fitowarsa za a ɗora wa sanyi alhali ɓawo ne.

Ƙidayar kwana 14 ta fito haka. Farin wake: 34 a hanyar farko, 71 a ta biyu. Jan wake: 52 da 80. Lablab: 58 da 82. Zamarke: 30 da 55. Fis: 78 da 90. Hulba: 85 da 88. Alkama: 90 da 92. Hulba da alkama sun ɓullo tun kwana na huɗu zuwa na shida, fis a na bakwai. Waken fangali ya kai kwana tara zuwa sha biyu, na kunya kwana shida.

Asarar fis a fangali ta zo ne daga kwanciyar ruwa. An tarar da ƙwayoyin da suka ruɓe a ƙasan fangalin, inda ruwa ya daɗe bai tsotse ba.

Bayan tsiro: Janairu zuwa 20 ga Fabrairu

Fitowa ba ta zama ƙarshen magana ba. Waken kunya, duk da ya fito da kyau, ya yi wata guda bai wuce taƙi ba. Sai da dare ya fara ɗumi a farkon Fabrairu ya motsa, lokacin kuma saura mako uku a kife. Wannan ya yi daidai da abin da masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA a Kano suka gano tun shekarun 1990, cewa waken rani ya fi yin kyau idan an shuka shi daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, bayan ɗari ya karye. Ga mai son ƙwaya wannan lokaci ne mai kyau. Ga mai son ganyen da zai kife kafin dashen Maris, ya yi latti.

Zamarke ya kawo wata matsalar da ba ta sanyi ba. Da damina yakan wuce tsayin mutum a fadama. A nan ya yi fure bai kai gwiwa ba. Yana cikin tsirran da gajeren yini ke sa su fure, kuma yinin Disamba a Kano bai kai awa goma sha ɗaya da rabi ba, alhali na Yuni yana kusantar awa goma sha uku. Da ya yi fure sai ya rage yin ganye. Jan waken ma, da yake na gargajiya ne, ya yi fure da wuri saboda wannan dalili.

Lablab ya yi tafiyar hawainiya amma bai tsaya ba, ganyensa bai canza launi ba, darɓa kuma ba ta dame shi kamar wake ba.

Hulba ta fito fes, ta rufe layinta, sannan daga mako na huɗu ta fara koɗewa. Da aka tuge aka wanke saiwar, babu ƙulli ko ɗaya. Fis ma haka, in ban da a fangali guda da ke kan iyaka da lambun maƙwabci, wanda ya daɗe yana noma fis kuma ruwansa kan gangaro nan. A can saiwar tana da ƙulle-ƙulle, da aka fasa su da farce cikinsu ja-ja ne, alamar suna aiki. Ƙwayoyin halittar da ke zama a saiwar wake suna nan birjik a ƙasarmu, amma fis nasa daban ne, hulba ma nata daban, irin na ciyawar dabbobi ta alfalfa. Inda ba a taɓa noma su ba, mai yiwuwa ne a rasa su a ƙasar, shukar ta tsiro ta girma tana cin naitirojin ɗin ƙasa kamar kowace ciyawa, ba ta ƙara komai daga iska.

Awon murabba'in mita a kunya ran 20 ga Fabrairu: wake giram 500 zuwa 600, zamarke 400, hulba 600, lablab 900, fis marar ƙulli 800, fis mai ƙulli kilo 1.2.

Rani na uku: shuka biyu, lokaci biyu

An fara gyara tun damina. Aka dasa shinkafa FARO 44 da wuri a rabin gonar don a girbe ta kafin Oktoba ta ƙare. 'Yan kwanaki bayan girbi, ran 4 ga Nuwamba, aka shuka lablab kai tsaye cikin kututturan shinkafa, babu huɗa babu haro: a soka sanda, a jefa ƙwaya biyu, a taka. Tazara santimita 50 tsakanin layi, 25 tsakanin rami. Ƙasa tana da sauran danshin damina, ma'auni kuma ya nuna digiri 21 da safe. Bugu da shiƙa suka jira har aka gama shuka. Lablab ya fito cikin kwana biyar, kusan duka. Irinsa ba ya wahalar samu a wajen masu kiwon zamani, kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, ta daɗe tana aiki a kansa a matsayin abincin dabbobi.

Kafin sanyi ya kankama a tsakiyar Disamba, lablab ya yi mako shida, ya yi saiwa mai zurfi, ya fara yaɗo. A Janairu girmansa ya ragu, ya yi fure, amma ya ci gaba da fitar da ganye. Ruwa sau huɗu kawai aka ba shi.

Ɗaya rabin ba a girbe shi ba sai tsakiyar Nuwamba, kuma bai tsane ba sai Disamba. A nan aka yi kunya gabas da yamma, aka shuka fis kilo 40 haɗe da alkama kilo 15 ran 12 ga Disamba. Alkamar tana ba fis abin kamawa ya hau, tana kuma danne ciyawa a makonnin farko. Don samun ƙwayoyin saiwar fis, aka roƙi maƙwabci buhu huɗu na ƙasar saman lambunsa, daga wurin da fis ya yi kyau, aka barbaɗa a layukan da yamma aka rufe nan take, don rana tana kashe su. Wannan dabara tana da haɗari: ƙasar da aka ɗebo tana iya zuwa da tsutsar saiwa ko cutar ruɓa. An yarda da ita a nan ne saboda an duba saiwar fis ɗin maƙwabcin an ga babu kumburin tsutsa, kuma abin da zai biyo baya shinkafa ce da ruwa zai kwanta a kanta. Wanda tumatir zai dasa bayan koren taki ya yi hattara ƙwarai, domin wake da lablab da fis da zamarke duk suna ciyar da tsutsar saiwa.

Fis ya fito a kwana bakwai, a mako na biyar kuma ƙulle-ƙulle suka bayyana a yawancin layuka.

Abubuwa biyu suka ba da wahala. Na farko dabbobi: da zarar an kwashe amfanin damina ana sakin shanu da awaki, kuma kore shar a tsakiyar fili busasshe ba ya ɓoyuwa. Sun cinye gefe guda na lablab a Nuwamba, dole aka yi shinge aka sa mai gadi da yamma. Na biyu, da zafi ya fara dawowa a tsakiyar Fabrairu, farin ƙura-ƙura na cutar fumfuna ya hau ganyen fis, na ƙasa suka fara bushewa. Fis ba ya jure zafin bazara, don haka ba a jira ba.

An tsinki kwanson fis sau ɗaya aka sayar, sannan ran 18 ga Fabrairu aka sassare duka rabin biyu da adda, aka bar su kwana biyu suka yi yaushi, aka bi da haro, aka ba da ruwa. An dasa shinkafa ran 5 ga Maris. Tazarar mako biyu tsakanin kifewa da dashe wajibi ce, don ɗanyen ganye da ke ruɓewa cikin ruwa yana fitar da tsami da iskar da ke ƙona saiwar sabon dashe.

Awon wannan karon: lablab kilo 1.8 a murabba'in mita, fis da alkama kilo 1.3.

Lissafin ba shi da wuya. Kilo ɗaya a murabba'in mita daidai yake da tan 10 a hekta. Tan 18 na ɗanyen lablab idan ya bushe yakan koma kusan kashi ɗaya cikin biyar, tan 3.6. Busasshen ganyen dangin wake yana ɗauke da naitirojin kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari, wato aƙalla kilo 90. Shukar da ta biyo baya takan samu kimanin rabi a kakar farko, kilo 45. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin. Ke nan lablab ya tsaya a madadin kusan buhu biyu a hekta, fis da alkama kuma kusan buhu ɗaya, tun da alkama ba ta jawo komai daga iska kuma an cire kwanso. Wani ɓangare na wannan naitirojin ma daga ƙasar shukar ta ɗauko shi, don haka ribar ba ta kai alƙalumman cif ba. Mai gonar ya rage yuriya daga buhu huɗu zuwa uku, shinkafar ɓangaren lablab kuma ta fi ta ɗaya ɓangaren duhun ganye da yawan 'ya'ya.

Abin da ya faru, da dalilinsa

Irin farko lafiyarsa ƙalau. Sanyi ne ya kashe shi, kuma akasarin ɓarnar an yi ta ne a yini ɗaya ko biyu na farko, lokacin da busasshiyar ƙwaya ke zuƙar ruwa. A wannan lokaci fatun da ke kewaye da ƙananan ɗakunan halittar cikin ƙwayar suna sake haɗuwa bayan bushewa. Cikin ɗumi sukan haɗu da sauri. Cikin sanyi, a tsirran ƙasashen zafi, sukan sandare su yi ta yoyo, sukari da sauran abincin ƙwayar su zube cikin ƙasa, fumfunan da ke son ƙasa mai sanyi da laima su taru a kai. Maganin iri mai sinadarin metalaksil yana tare waɗannan fumfuna, amma ba ya ɗinke abin da sanyi ya yaga.

Abubuwa uku suka tsananta wannan. Irin da aka ajiye cikin iskar hunturu yakan bushe ƙayau, kuma gwargwadon bushewarsa gwargwadon saurin da ruwa ke afka masa ya tsattsaga ɓarin. Farin wake mai kaushin ɓawo ya fi masu launi saurin shan ruwa, shi ya sa jan waken ya fi shi fitowa a hanyoyin biyu. Jiƙon daren 2 ga Janairu kuwa ya haɗa dukkan sharrin wuri ɗaya: busasshen iri, ruwa mai yawa, da sanyin asuba. Kwanan buhun algarara ya yi akasin haka, ya bar ƙwayar ta sha laima a hankali cikin ɗumi kafin ta haɗu da ƙasa.

Tattakar da aka baza don kariya ita ta hana ƙasa ɗumi. Ta ɗan tare sanyin dare, amma ta tare rana gaba ɗaya, ga jiƙaƙƙiyar laka da busasshiyar iska ke busawa tana ƙara sanyaya ta kamar randa. Rufin ƙasa yana da amfani bayan shuka ta fito ta kafu. Kafin nan, da hunturu, cutarwa yake.

Sai batun jinkiri. Kowane iri yana da ma'aunin da ƙasa da shi ba ya motsi. Na wake kusan digiri 10 zuwa 11 ne, na fis da alkama bai wuce digiri 2 zuwa 5 ba. Abin da ya haura wannan ma'auni shi iri ke tarawa kullum har ya ishe shi fitowa, wake kuma yana bukatar ya tara kusan digiri 45. A ƙasa mai matsakaicin digiri 28 yana samun 17 a yini, ya fito a kwana uku. A fangali mai matsakaicin 16 yana samun 5, sai ya yi kwana tara, kuma kowane ƙarin yini dama ce ga ruɓa da ɓera da tururuwa. A digiri 16 ɗin nan fis da alkama suna cikin jin daɗinsu.

Ko a cikin wake akwai bambancin jini. A 1999 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside a Amurka sun nuna cewa wani furotin da ke cikin ƙwayar wasu nau'o'in wake yana tafiya tare da iya fitowa a ƙasa mai sanyi. Sai dai manomin da ke saye a kasuwa ba ya ganin wannan da ido. Gwajin ƙyalle biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a gona, shi ne abin da ke hannunsa.

Kunya, ruwan rijiya da laimar buhu sun ninka fitowar farin wake, amma ba su sa ya girma a Janairu ba, don ba sa canza sanyin dare ko gajartar yini. Abin da ya warware matsalar gonar shi ne matsar da shuka zuwa farkon Nuwamba, inda lablab ya tsira cikin ɗumi ya shiga hunturu da ƙarfinsa. A cikin hanyoyin biyu na rani na uku, wannan ce ta fi araha nesa ba kusa ba: kilo 12 na iri a rabin hekta, babu huɗa, ruwa sau huɗu. Haɗin fis da alkama ya yi aiki, amma irin fis yana da tsada, yana cin kilo 80 a hekta, ga kuɗin kunya da ban ruwa kowane mako. Kuɗin kwanson da aka sayar ne ya rufe wannan, kuma kowane tsinka yana rage abin da ƙasa za ta samu. Wanda zai shuka fis don ya kife shi kawai, da wuya lissafinsa ya fita.

Ragin buhu ɗaya na yuriya a kaka ɗaya bai isa a ce ƙasar ta farfaɗo ba. Sassaucin ƙasa yakan ɗauki shekaru ana maimaitawa. Ƙa'idar da gonar ke bi yanzu ita ce a soka ma'auni a santimita 5 da ƙarfe bakwai na safe, kwana uku a jere. In ya kai digiri 18 zuwa sama, a shuka lablab ko wake. In ya gaza, fis da alkama a kafaɗar kudu, ko a bar wannan ɓangaren ya huta har dashe.